Langar da Ta Koma Wayam

Ranar da tsoro ya shiga gidan Adda Ruƙayya da ke unguwar Barunde a Gombe, ba ta rediyo ya shigo ba. Da ƙafarsa ya shigo, yana jan akwati.

Wata Alhamis ce cikin watan Maris, rana ta fara sanyi. Adda tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, sai ta ji keke napep ya tsaya a ƙofa. Ba a jima ba sai ga Iklima, autarta, wadda ko kwana goma ba ta cika ba da tafiya sansanin masu hidimar ƙasa a can kudu. Rabin fuskarta a rufe yake da wani shuɗin ƙyalle mai igiya har kunne.

Adda ta ture faifan, ta miƙe da hannuwa a buɗe. "Lale da 'yar gwamnati! Har an gama hidimar?"

"Dada, tsaya nan! Don Allah kar ki taɓa ni!"

Adda ta tsaya cak, hannuwa a sama kamar mai shirin shanya. Iklima ta ce an rufe sansanin, an sallami kowa saboda korona. Ta kwana ta yini a mota cikin mutanen da ba ta san daga inda suka fito ba, ɗaya ma tun daga Lakwaja yake tari. Ta ce a kawo mata bokiti da sabulu, a ajiye a ƙasa, a matsa.

Adda ta sha jin sunan ciwon a rediyo. Tana ɗaukarsa ne kamar labarin girgizar ƙasa: abin mutanen nesa, a ce Allah ya kyauta, a ci gaba da tuƙa tuwo. Amma da ta ga 'yar da ta goya tana ja da baya daga hannunta, idanu jajur, sai ta je ta ɗebo ruwa ta haɗo da sabulu. Ta ajiye bokitin. Ta matsa.

Daga bayan katanga wata murya ta taso. "Adda! Muryar wa nake ji kamar ta ɗiyata?"

"Ita ce, Dokas. Ta dawo, amma ta ce ba a taɓa ta."

"To, ta zama wayar wuta ke nan? Ai ko ita sai an yi sa'a take ja."

Duk wanda ya san Adda Ruƙayya ya san Dokas, don ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. Adda haifaffiyar unguwar Dawaki ce. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata, tana tuƙa tuwon mutum ɗari huɗu da muciyar da ta kusa kai ta tsawo, har aka yi mata ritaya da kyautar agogon bango wanda bai taɓa faɗin gaskiya ba. Har yau in ta shiga kasuwa sai wata babbar mace mai tabarau ta rusuna ta ce, "Adda, ba ki gane ni ba? Ni ce mai satar ƙanzo." Mijinta, marigayi Malam Yuguda, masinja ne a ma'aikatar ayyuka. Shekarar da aka ba Gombe jiha suka bar gidan gado suka tare a Barunde, lokacin rabin unguwar gonakin dawa ne, in ka yi sallama tsuntsu ne zai amsa. Wata biyu bayansu Matiyu, wani direban babbar mota ɗan Kaltungo, ya gina ɗaki jikin nasu, ya kawo amaryarsa Dokas.

A wannan shekarar aka haifi Iklima, kuma a wannan haihuwar langa ta ɓullo.

Langa ce ta ƙarfe mai murfi, fara da zanen jajayen furanni, bakinta ya ɗan ɓantare a wuri biyu. Kwana uku da haihuwa Dokas ta kawo farfesun kaza a cikinta. Da Adda ta cinye, ta sa aka zuba dambu aka mayar, don kowa ya sani ba a mayar wa maƙwabci da kwano wayam. Ko ƙuli-ƙuli uku ne, ko barkono, ko 'yar daddawa, sai an jefa. Kwanon da ya koma ba komai magana yake yi, kuma maganar ita ce: mun gode, ya isa haka, kowa ya tsaya gidansa. Washegari sai ga langa ta dawo da gwaten wake.

Adda ta ce, "Dokas, langarki ce fa."

Dokas ta ce, "Tawa? A gidanki na ɗauka ranar haihuwa, da gida ya cika da mata."

Adda ta rantse ba ta taɓa mallakar langa mai jajayen furanni ba. Dokas ta ce ita kuwa kayan aurenta duk shuɗɗa ne, a je Kaltungo a tambaya. Tun daga ranar kowace take mayar wa 'yar'uwarta da kayanta, kuma tun da ba a mayarwa wayam, langa ba ta taɓa cika kwana uku a gida ɗaya ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan.

Ba ta ƙofa take bi ba. Akwai wani wuri a katangar da ke tsakaninsu inda bulo biyu suka zube tun wata damina, ba wanda ya gyara. Adda tana da tsohon turmi a kife a gindin wurin, Dokas tana da benci a nata ɓangaren. Nan ne gidan wayarsu, nan ne kuma kotunsu. Ta nan naman layya yake tsallakawa, ta nan shinkafar Kirsimeti take shigowa, da kajin da Malam Yuguda kan yanka wa Dokas da hannunsa don kowa ya ci ba tare da wasiwasi ba. Da Malam Yuguda ya rasu, kwana arba'in langa tana zuwa cike safe da yamma. Adda kuwa, tana cikin takaba, ba ta fasa jefa ko dabino biyu a ciki ba.

Iklima ta yi mako biyu a ɗakinta, ana ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Ba abin da ya same ta. Amma da ta fito, da doka ta fito. Ilimin ƙananan halittu ta karanta a jami'a, irin waɗanda ido ba ya gani, saboda haka ita tana ganin abin da sauran mutane ba sa gani, a marfin ƙofa, a jikin albasa, a hannun buta. Ta kafa bokiti mai famfo a zaure. Ta tsaya tana koya wa Adda wanke hannu, matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana wanke tukwane. Wayarta ba ta barin tafinta. Kowace safiya sai ta karanto yawan waɗanda suka kamu a Legas da Abuja, daga baya har da Kano.

Gari kuwa kowa da abin da yake faɗa. An rufe makarantu, an hana taro, an ce an tsare hanyoyin shigowa jiha. Mota mai lasifika tana zagaya unguwa tana cewa a wanke hannu, a bar musafaha, a kira lamba kaza in an ga mai zazzaɓi da tari. Mai kanti ya ajiye ruwa da sabulu a ƙofa, kowa ya wanke sai ya goge da tsumma ɗaya. Mahauci ya ce ciwon masu hawa jirgi ne, shi kuwa ko tashar jirgi bai sani ba. Mai kayan miya ya ce zafin Gombe kaɗai ya ishe shi, in ya kai ƙarshen Afrilu da ransa a canza masa suna. Citta da tafarnuwa da lemon tsami suka zama sarakai a kasuwa. Dattawa suka koma gaisawa da gwiwar hannu, suna yi suna dariya, in hira ta yi daɗi su manta su tafa.

Dokas ta raɗa wa Iklima suna Likita. Da safe in ta hau bencinta sai ta ce, "Likita, an tashi lafiya? Yau an yarda mu shaƙi iska ko sai an tafasa?"

"Mama Dokas, ba wasa ba ne fa. Mutane suna mutuwa."

"Na sani, 'yata. Amma in ban yi dariya ba, tsoron ne zai riga ciwon."

Adda ta bi duk dokokin. Ta daina zuwa suna da biki, ta yarda ta ɗaura takunkumi har yana sa ta gumi kamar tana gaban murhu. Abu ɗaya ne ta ƙi. Ranar da Iklima ta ce a dakatar da langa sai ciwo ya wuce, Adda ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Langar nan sa'arki ce. Kwana uku kawai kika ba ta. Komai na ji, ban da wannan."

Haka aka yi Ista, coci a rufe, Dokas ta yi sujadarta a falo, amma shinkafa da kaza suka tsallako kamar kowace shekara.

Mako guda bayan nan, ranar Litinin, Matiyu ya dawo daga Legas inda ya kai wake, don motocin abinci ba a hana su wucewa ba. Da hantsin Talata, Iklima tana banɗaki, ya hau bencin matarsa ya miƙo wa Adda tsaraba hannu da hannu: burodi mai laushi irin na can, da langa cike da manja mai kyau. Suka tsaya suna gaisawa fuska da fuska, yana ba ta labarin yadda Legas ta yi tsit kamar an share ta. Da Adda ta ji motsin ƙofar banɗaki sai ta diro daga turmi da saurin da ba ta san tana da shi ba, ta cusa burodin cikin tukunya ta rufe. Da aka zo shan shayi ta ce wai mai kanti ne ya kawo sabon samfuri. Iklima ta ci yanka uku, ta ce gaskiya mai kanti ya fara hankali.

Ranar Alhamis da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar Matiyu. Mutum biyu suka fito cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ba a ganin komai sai idanu. Kafin su gama sallama unguwa ta cika a nesa-nesa, kowa yana leƙe daga inda yake ganin ciwo ba zai iya tsallakowa ba. Ashe wani ɗan kasuwa da Matiyu ya rage wa hanya daga Legas an gwada shi an same shi da ciwon, shi ne ya ba da sunan direban. Aka ɗauki gwajin Matiyu da Dokas, aka ce kada su fita, kada kowa ya shiga, har kwana goma sha huɗu.

Kafin azahar mai ruwa ya canza hanyar kurarsa. Mai gawayi ya ce gawayi ya ƙare. Masu wucewa suka koma bin ɗaya gefen titi suna toshe hanci.

Adda ta hau turmi. Dokas tana tsaye can tsakiyar gidanta, ta naɗe hannuwa a ƙirji, yau babu zolaya.

"Dokas, ki kwantar da hankali. Allah yana nan. In an ga wata gobe azumi, kunun farko naki ne, kin ji ko?"

Dokas ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin zani.

To a nan ne Iklima ta yi abin da ta yi. Da Adda ta shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa bayan azahar, Iklima ta ga langa a kan kantar kwanuka, an juye manjan amma ba a wanke ba. Wannan ƙarfen daga wancan gidan ya fito, hannun Matiyu ya taɓa shi. Ta sa safar hannu, ta jiƙa langar a bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ta dirje ta ciki da waje har furannin suka yi kamar sababbi. Ba wai ba ta san al'ada ba. Ta sani. Amma a lissafinta, a irin wannan lokaci kwano mai tsabta ya fi kwano mai abinci alheri, kuma tun tana ƙarama take jin uwarta tana cewa langar Dokas ce. To, kayan kowa ya zauna gidan kowa. Ta ɗora ta a kan katanga, ta tura ta da tsinken tsintsiya, ta sauko ta sake wanke hannu sau biyu.

Da yamma Adda ta kira Dokas sau ɗaya ba a amsa ba. Ta ɗauka damuwa ce ta kwantar da ita, ta koma surfen wake da jiƙa gero.

Juma'a aka tashi da azumi. Bayan la'asar kunu ya dahu, ƙosai yana tashi a kasko, Adda ta miƙa hannu kan kantar kwanuka ba ta ji komai ba. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba bayan randa.

"Iklima, ina langa?"

"Na mayar musu jiya."

"Madalla. Me kika zuba?"

Iklima ta kau da kai.

Adda ta ajiye matsamin ƙosai a hankali. "Na ce me kika zuba?"

"Dada, na wanke ta sosai. Da bilic."

"Innalillahi! Jiya? Jiyan da mai ruwa ya gudu, mai gawayi ya gudu, ita ce ranar da langa ta koma wa Dokas wayam daga gidana?"

Iklima ta fashe da kuka. "Dada, kina da hawan jini, kina da suga. Irin ku yake ɗauka, na karanta, na ga hotuna. Baba ya tafi. In ke ma kika tafi, ni da wa zan zauna? Da langa?"

Adda ta matso kusa da ita. Ta dubi yarinyar, ta ga yadda ta rame cikin wata guda, hannuwanta duk sun yi fari sun tsattsage saboda sabulu. Ta ce, "Ni ma ina jin tsoro, auta. Kullum ina ji. Amma matar can ita ta riƙe ni ranar da aka fita da ubanki. In ciwo ya wuce, da wace fuska zan hau turmin nan?"

Ta hau turmin a take. "Dokas! Maman Jummy!" Jummy ita ce 'yar Dokas ta fari, tana aure a Jos.

Sai a kira na huɗu aka amsa, daga can cikin ɗaki. "Na ga saƙo, Hajiya Ruƙayyatu."

Shekara ashirin da huɗu Dokas ba ta taɓa kiranta da wannan sunan ba.

"Wane saƙo? Kuskure ne. Fito ki ji."

"Mai ruwa ya gudu, ban yi kuka ba. 'Yan cocinmu sai ta waya, ban yi kuka ba. Sai da na ga langa tana ƙyalli tana warin asibiti, na buɗe na ga fuskata a ciki."

"Miƙo ta in cika. Ga kunu, ga ƙosai da zafinsa."

"Ai kullum cewa kike tawa ce. To na karɓa. An yanke shari'a."

Aka ja labule. Adda ta sha ruwa ranar, amma kunun kamar ruwan wanki ta ji shi.

Da safiyar Asabar farar motar ta dawo, don kullum sai sun zo auna zafin jikin mutanen gidan. Adda ta ɗaura takunkumi, ta tsaya a bakin zaurenta tana jira, Iklima a bayanta. Da suka fito ta ɗaga murya. "'Yata! Ke mai bindigar auna goshi! Zo in tambaye ki."

Ma'aikaciyar ta matso ta tsaya ɗan nesa. Ta ce sunanta Millicent, abokin aikinta mai riƙe da takardu kuma Abdulrasheed.

"Abinci yana iya tsallaka katanga zuwa gidan can?"

"Yana iya, Mama. Mu ma abin da muke roƙo ke nan. Mutanen da aka guje wa su ne yunwa take fitarwa a ɓoye. A dai wanke kwano da sabulu da ruwan zafi, kada hannu ya haɗu da hannu, kada fuska ta kusanci fuska."

"Ruwan zafi? Ai wannan gonata ce. Shekarar da aka yi amai da gudawa, faranti ɗari huɗu nake ƙonawa kullum, ko yarinya ɗaya ba ta kwanta ba." Ta juya ta harari Iklima. Sai kuma ta sassauta murya. "To, 'yata, in fuskar ta riga ta kusanta fa?"

Abdulrasheed ya ɗago biro. "Yaushe, Hajiya?"

"Talata. Matiyu ya miƙo mini burodi ta katanga. Mun ɗan taɓa hira."

"Burodi?" in ji Iklima. "Dada! Burodin mai kanti?"

"Wanda kika ci yanka uku."

Iklima ta dafe bango. Millicent ta juya baya, kafaɗunta suna rawa cikin farar rigar. Da ta nutsu ta ce gaskiyar da Mama ta faɗa ita ce aikin, da kowa zai yi haka da sun huta. Ta ce za a ɗauki gwajin Adda, kuma ita da 'yarta su zauna a gida har a ji sakamako.

Aka zaunar da Adda a kan kujera a zaure, aka fito da wani dogon tsinke mai auduga a kai.

"Tsaya. Wannan ba zai karya mini azumi ba?"

"Ba abin da zai shiga cikinki, Hajiya," in ji Abdulrasheed. "Ɗebowa za a yi."

Tsinke ya shiga hanci, ya yi ta tafiya. Da aka zare, Adda ta yi atishawa uku, hawaye na zuba, ta ce, "Yarinyar nan, kin taɓo mini abin da na manta tun ina amarya."

Motar na tashi Adda ta nufi turmi.

"Dokas! Ni ma an zura mini tsinken. Yanzu jirgi ɗaya ya kwaso mu. Miƙo langa."

Labule bai motsa ba.

"To shi ke nan. Tun da ba za ki miƙo ba, ni zan zo in ɗauka."

Ta tattare zani, ta dafa katanga, ta ɗora ƙafa ɗaya a inda bulo ya zube. Iklima ta ƙwalla ƙara ta riƙe ƙugunta. Matiyu ya leƙo ta taga yana cewa, "Adda, in kika karye motata ba ta fita fa!" Sai ga Dokas ta fito a guje, ɗankwali a hannu.

"Sauka! Sauka na ce! Tsohuwa mai hawan jini, ki faɗo ki fasa kai a ce korona ce ta kashe ki a gidana? Ki koma baya, kar ki shaƙi iskarmu!"

"Au, ashe kina so na da rai."

"Ban ce ba. Wahalar zaman makoki nake gudu."

Adda ta sauke ƙafa tana haki. Iklima ta ce, "Dada, ba ni wuri." Ta hau turmin, ta gyara takunkumi. "Mama Dokas, ni ce na mayar. Dada tana barci, ba ta sani ba. Tsoro ne ya rufe mini ido. Ki yafe mini."

Dokas ta tsaya daga nesa tana kallonta. Can ta ce, "Na sani, Likita. Da na huce na gane. Uwarki tun da nake da ita ba ta taɓa wanke langa ta yi ƙyalli haka ba."

"Ji ƙarya!" in ji Adda daga ƙasa. "To da kika gane me ya hana ki amsa?"

"Ban so in huce da wuri ba. Kwana biyu ina kulle, ba ni da abin yi sai fushi."

Saura yadda langa za ta tsallako ba hannu ya haɗu ba. Adda ta shiga bayan ɗaki ta jawo doguwar gorar da Malam Yuguda yake tsinko mangwaro da ita, mai ƙugiyar waya a kai. Aka zura ta ta kan katanga. Dokas ta shiga ɗaki ta ɗan daɗe, sannan ta fito da langa ɗaure cikin tsohon ɗankwali, ta rataya a ƙugiyar. Gora ta lanƙwasa, langa ta taho tana lilo, wani abu yana ƙwanƙwasa a ciki.

"Ni ba na mayar da kwano wayam," in ji Dokas. "Gidanmu an yi mana tarbiyya."

Iklima ta sauke ta a ƙasa, ta buɗe murfin da tsinke. Sabulu ne guda, sabo fil, ko takardarsa ba a ɓare ba.

"A ba Likita," in ji Dokas. "Na ji an ce shi take ci."

Iklima ta yi dariya, karo na farko tun ranar da ta shigo da akwati. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Adda ta ƙyale ta. Ta hura wuta ta ɗora ruwa, da ya tafasa ta nuna mata yadda ake yi a makaranta: a wanke da sabulu, a kwarara tafasasshen ruwa ciki da waje har murfi, a kife a rana, ba a gogewa da tsumma. Da la'asar Iklima da kanta ta cika langar da ƙosai har murfi ya ƙi rufuwa, ta ɗaure, ta rataya, ta tura gorar da hannunta.

Tun daga ranar langa take tafiya a gora, sau biyu a yini. Daga wancan gefen takan dawo da lemon tsami biyu, ko ganyen zogale, jiya kuma da albasa guda ɗaya tal, Dokas ta ce a yi haƙuri, gwamnati ta rufe iyaka. Mai ruwa da ya ga Millicent tana shiga tana fita ba ta faɗi ba, ya dawo yana ajiye jarka a ƙofar gidajen biyu, ya ƙwanƙwasa ya ja da baya. Adda da Dokas suna hira daga nesa da ɗaga murya, saboda haka yanzu duk layin ya san sirrinsu.

Ranar Litinin jikin Matiyu ya ɗan yi zafi, Talata ya sauka. Shi ya ce gajiyar hanya ce. Iklima dai ta ƙara wa ruwan langa wuta. Adda ba ta tari, ba ta zazzaɓi, tana azuminta, sai dai in waya ta yi ƙara takan ajiye abin da ke hannunta.

An ce Abuja ake kai gwajin. Yau Laraba. Na Matiyu da Dokas kwana shida ke nan, na Adda kwana huɗu. Millicent ta zo da safe ta auna goshin kowa, ta ce wataƙila gobe. Langa tana gidan Dokas. Sakamako bai zo ba tukuna.